"Mece ce sana'ata?": tsohon wasan telebijin da Amurkawa suka kasa mantawa

A ƙasar Amurka an yi wani wasa na telebijin da ake kira What's My Line?, watau "Mece ce sana'ata?". An fara shi ranar 2 ga watan Fabrairu 1950 a gidan telebijin na CBS, cikin birnin Niyok. An rufe shi ranar 3 ga Satumba 1967. Shekara 17 ke nan da wata 7, an yi zama 876. Alƙalin wasan ya rasu, manyan masu canka duka sun rasu. Hotunan kuwa baƙi da fari ne, wasu ma sun dusashe. Amma har yau mutane suna biɗar wasan nan a intanet, suna kallon shi a wayar salula da dare kafin su yi barci. Cikinsu akwai tsofaffin da suka gan shi tun suna yara, a ɗakin iyayensu. Akwai kuma samari da ƴan mata waɗanda ko iyayensu ba a haifa ba sa'ad da aka rufe shi.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, mene ne cikin wasan nan da ya sa ake ta tuna shi? Kuma shin barar ta kai daɗin da ake faɗi? Sai mai karatu ya ji yadda abin yake, ya yanke hukunci da kansa.

Yadda ake wasan

Ranar Lahadi ake yin shi, da ƙarfe 10 da rabi na dare, na tsawon rabin awa. Galibi kai tsaye ake watsa shi, abin da ya fito daga baki ya fito ke nan, babu gyara. Mutum huɗu ke zaune a dogon tebur, yawanci mata biyu da maza biyu. Su ne masu canka. A gefe guda ga alƙali da nasa ƙaramin tebur, da kujerar baƙo kusa da shi.

Baƙo yana shigowa sai a miƙa masa alli, ya rubuta sunansa a allo, gaban jama'a. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo a ajin yaƙi da jahilci, hannunsa na rawa, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga nan baƙo ya zauna, ya raɗa wa alƙali sana'arsa a kunne. Sai a rubuta sana'ar a gilashin telebijin. Masu kallo a gida sun gani, waɗanda ke cikin zauren sun gani, mutum huɗun nan ne kawai ba su sani ba. Abin da alƙali ke gaya musu ɗan kaɗan ne: ko baƙon ɗan albashi ne, ko mai zaman kansa.

Sai a shiga tambaya. Dokar ita ce, tambayar ta zama wadda za a amsa da "i" ko "a'a". In an ce maka "i", ka ci gaba. In an ce "a'a", bakinka ya mutu, na kusa da kai ya karɓa, alƙali kuma ya juya kati ɗaya, baƙo ya ci dala 5. In "a'a" ta kai goma ba a gano sana'ar ba, baƙo ya kada su, ya tafi gida da dala 50. Dalar Amurka ake nufi fa, ba dalar nan ta tamma biyar ba. Ko da haka kuɗin ba wasu masu yawa ba ne a wajensu. Sau da yawa ma in lokaci ya ƙure sai alƙali ya juye katunan duka, ya ba baƙo 50 ɗin.

Mai karatu zai ga abin ya yi kama da kacici-kacicin da yara ke yi a dandali da farin wata. A can in ka kasa sai ka ba da gari, a nan dala 5 ake bayarwa. Bambancin shi ne, a nan mutum ne kansa kacici-kacicin.

Daɗin wasan yana wurin masu kallo, don su sun san amsa. A ce, misali, baƙon mai kiwon tana ne, irin wadda masunta ke sawa a ƙugiya. Wata daga cikin masu canka, ta sha ado da sarƙa da safar hannu, sai ta tambaya ko abin da yake sayarwa ana iya riƙe shi a hannu. A ce mata i. Ta tambaya ko yana da rai. A ce i. Ta tambaya ko za ta yi murna in mai gidanta ya kawo mata shi tsaraba. Zaure ya fashe da dariya, ita kuwa ba ta san abin da ta faɗa ba. Dariyar nan kuma ita ce fitilarsu: mai wayo cikinsu yana sauraron inda jama'a suka yi dariya, ya bi sawu.

An kawo masu sana'o'i iri-iri. An kawo masu kiwon tanar da gaske. An kawo mai wanke tsumman jarirai, da likitan dabbobi, da mace mai kokawa, da mace mai karawa da bijimi a fili, da mutumin da ake harbawa daga bakin igwa a gidan wasa. An kawo har mai sayar da haƙoran roƙo na shanu, don tsohuwar saniya da haƙoranta suka cinye ta ci gaba da kiwo. Makiyayi ya ji wannan sai ya riƙe baki.

Wata tambaya ma daga wasan nan ta shiga bakin Amurkawa. A shekarar 1953 wani ɗan barkwanci mai suna Steve Allen, yana son ya san girman abin da baƙo ke sayarwa, ya tambaya ko ya fi akwatin ajiye burodi girma. Tambayar ta kama, aka dinga maimaita ta shekara da shekaru. Rannan sai masu shirin suka kawo mutumin da sana'arsa ita ce ƙera akwatin burodin. Da aka jefo tambayar, alƙali ya kasa riƙe dariya, nan take asiri ya tonu.

Baƙon ɓoye

Kusa da ƙarshen kowane zama akwai wani sashe da jama'a suka fi jira. Sai a ɗaure wa masu canka idanu, na matan ma an yi wa ƙyallensu ado da duwatsu. Sannan wani sananne ya shigo: ɗan silima, ko mawaƙi, ko ɗan wasa, ko ɗan siyasa. Zaure ya ɗauki tafi, masu canka su auna girman baƙon da ƙarfin tafin. Shi kuma ya sake murya. Ƙato ya yi muryar yarinya, mace ta yi muryar gardi, wani ya yi ta gurnani, wani ya amsa da harshen wata ƙasa. Na farko da aka kawo a 1950 ɗan wasan ƙwallon sanda ne, Phil Rizzuto.

Manya da yawa sun zauna kujerar nan. Eleanor Roosevelt, matar tsohon shugaban ƙasa, ta zo a 1953. Walt Disney ya zo a 1956. Ronald Reagan ya zo tun yana ɗan silima, ba wanda ya san zai mulki ƙasar. Louis Armstrong, mai busa ƙahon nan da ya zaga Afirka a 1960 har ya sauka Najeriya, ya zo fiye da sau ɗaya, amma muryarsa mai kaushi ba ta ɓoyuwa. Muhammadu Ali ya zo a 1965, yana riƙe da kambun damben duniya, ya matse murya ya yi ta ƴar siririya.

Wanda aka fi tunawa shi ne mai zanen nan na ƙasar Sifen, Salvador Dali, a 1957. Shi duk abin da aka tambaye shi sai ya ce i. Marubuci ne? I. Yana wasa gaban jama'a? I. Yana wasannin motsa jiki? I. Alƙali ya yi ta shiga tsakani yana gyara, masu canka suka ruɗe. Gashin bakinsa mai tsini ne ya fid da su daga ƙarshe, da aka tambaya ko yana da irin gashin bakin da duniya ta sani.

Mutanen tebur

Alƙalin wasan tun daga farko har ƙarshe John Daly ne. An haife shi a Afirka ta Kudu a 1914, ya girma a Amurka. Asalinsa ɗan jarida ne mai karanta labarai. Muryarsa ce ta sanar da masu sauraron rediyon CBS rasuwar shugaba Roosevelt a 1945. Abin mamaki, daga 1953 zuwa 1960 yana shugabancin sashen labarai na wani gidan telebijin dabam, watau ABC, ranar Lahadi kuma ya zo CBS ya yi alƙalanci. Gwani ne wajen amsa mai tsawo. In tambaya ta zo a karkace, sai ya jero magana mai daɗi, mai hawa da sauka, wadda babu ƙarya cikinta amma mai tambaya ya fita a ruɗe fiye da yadda ya shiga. In kuwa ya ji zance ya nufi batsa, sai ya ja kunnensa. Masu canka sun san alamar, su sake hanya.

Dorothy Kilgallen ƴar jarida ce. A 1936, tana da shekara 23, ta shiga tseren zaga duniya da wasu ƴan jarida maza, ta gama cikin kwana 24. Ita ba da wasa take zuwa wasan ba. Tana tambaya kamar mai bincike a kotu, kuma ba ta son a kada ta. Arlene Francis ƴar wasan kwaikwayo ce, mai fara'a da saurin baki, kullum da sarƙar lu'ulu'u mai siffar zuciya a wuyanta, kyautar mijinta. Masu kallo sun san sarƙar nan kamar yadda suka san fuskarta. A 1988 wani ɓarawo ya fizge ta a titin Niyok tana fitowa daga tasi.

Bennett Cerf kuwa mai kamfanin buga littattafai ne, Random House. Shi ne ya ci caca da wani marubucin littattafan yara, Dr. Seuss, a kan dala 50, cewa ba zai iya rubuta littafi da kalmomi 50 kacal ba. Marubucin ya rubuta, littafin ya fito a 1960, kuma yaran Amurka masu koyon karatu sun ci moriyarsa ƙwarai. Kujera ta huɗu ta ɗan barkwanci ce. Steve Allen ya zauna kanta, bayansa Fred Allen. Sunan ne ɗaya, ba dangi ba ne.

Abin da masu begen wasan nan suka fi ambata shi ne ladabi. Maza suna zuwa da baƙar kwat ta biki, mata da dogayen riguna. Kowa shi ke gabatar da na kusa da shi, da kalmomin yabo. Alƙali ba ya kiransu da gatsal, sai ya haɗa da lakabin girmamawa. Baƙo ko mai share titi ne, in zai fita sai ya bi tebur ya gaisa da kowa, mazan su miƙe tsaye. In baƙon tsoho ne ƙwarai ko malamin addini, matan ma sukan miƙe. Ana raha, ana zolaya, amma ba a zagi, ba a ihu. Mai ƙaramar sana'a ya zauna kujerar da ɗan silima zai zauna bayan minti goma, a saurare shi, a tambaye shi yadda aikinsa yake. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji Hausawa, kuma a nan dala 50 ce tabarmar.

Yadda ƙaramin kuɗi ya cece su

A tsakiyar shekarun 1950 wasu wasanni suka fito masu ba da kuɗi na fitar hankali. Ɗaya ya fito a 1955, ana cin dala 64,000. Wani mai suna Twenty-One, a gidan NBC, ya fito da wani malamin jami'a, Charles Van Doren, wanda ya ci dala 129,000. Ƙasa duka ta ɗauke shi gwarzon ilimi, iyaye suna nuna wa ƴaƴansu shi. Ashe ana ba shi amsa tun kafin a shiga. Ana koya wa masu gasa har yadda za su share zufa da yadda za su cije leɓe. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Nuwamba 1959 ya tsaya gaban kwamitin majalisar ƙasa ya amsa laifinsa. Aka rufe wasanni da dama, a 1960 kuma aka yi doka mai hukunta maguɗi a irin wannan gasa.

Guguwar nan ba ta taɓa "Mece ce sana'ata?" ba. Wa zai yi maguɗi don dala 50? Daly ma ya ƙi yarda a ƙara kuɗin. Amma kada a wanke su tas. Mai shirya wasan, Gil Fates, ya bayyana cikin littafin da ya rubuta a 1978 cewa a shekarun farko sukan ba ɗan barkwancin tebur shawarar irin tambayar da zai yi. Ba a gaya masa sana'ar, ana dai nuna masa hanyar ɓata da za ta sa jama'a dariya. Daga baya aka daina. Wannan bai kai satar amsa ba, amma mai kallo da ya ɗauka duk dariyar daga sama ta faɗo, an ɗan yi masa wayo.

Abin da masu bege ke mantawa

Akwai abubuwan da ba a cika faɗi ba in ana yabon zamanin. A farkon wasan, baƙo sai ya bi gaban tebur a duba shi kafin a fara tambaya. A ce ya nuna tafin hannu a ga ko da kanta, a taɓa dantsensa, a leƙa tambarin rigarsa, kamar ragon da aka kai kasuwa. Mutane da yawa ba su ji daɗin wannan ba, aka soke shi.

Sannan dabarar wasan kanta tana kan zaton da mutane ke yi. In an kawo kyakkyawar mace mai gadin kurkuku, ko mai tuƙin babbar mota, ko alƙaliya, an san masu canka ba za su kawo haka a ransu ba. Dariyar tana nuna inda aka ajiye mata a lokacin. Sai dai kuma yarinyar da ke kallo a gida ta ga da idonta cewa mace na iya wannan aiki. Abin ya yi kaifi biyu.

Masu zaman tebur na dindindin kuwa duka farar fata ne. A shekarun da ake miƙewa tsaye ana gaisawa da Louis Armstrong a zauren Niyok, a jihohin kudancin ƙasar doka ta hana baƙar fata shiga makaranta ɗaya ko gidan abinci ɗaya da fari. Sai a 1964 aka yi babbar dokar da ta soke wannan wariya. Ladabin da ke cikin akwatin telebijin bai kai ko'ina ba.

Ga kuma labarin Louis Untermeyer. Mawallafin waƙoƙi ne, yana cikin huɗun farko da aka fara wasan da su. Lokacin ana farautar ƴan kwaminis a Amurka, ana rubuta sunayen mutane a takarda bisa zargi kawai. Sunansa ya shiga. Wasu ƙungiyoyi suka yi ta aika wa kamfanin da ke biyan kuɗin shirin wasiƙu, kamfanin mai sayar da maganin warin hammata. Mai kamfani ya ji tsoron kasuwarsa. A 1951 aka sallami dattijon, ba kotu, ba shari'a. Abokinsa marubuci Arthur Miller ya ba da labari cewa ya fi shekara bai fita daga gidansa ba. Kujerarsa ce Bennett Cerf ya gada. Masu kwat da safar hannu suka ci gaba da murmushi ranar Lahadi.

Mutuwa ta ratsa tebur

Ranar Asabar 17 ga Maris 1956 Fred Allen ya fita yawo da dare a titin Niyok, zuciyarsa ta tsaya. Washegari Lahadi aka yi wasan, kowa da hawaye kusa. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 1965 Dorothy Kilgallen ta yi wasa kai tsaye kamar kullum. Washegari aka tarda gawarta a gidanta, tana da shekara 52. Likitan hukuma ya ce giya ce da ƙwayar barci suka haɗu. Da yake tana binciken kisan shugaba Kennedy, har ta gana da Jack Ruby a 1964, mutane sun yi ta zarge-zarge, ana rubuta littattafai a kai. Ba a tabbatar da kome ba a gaban shari'a. Kujerarta ba a sake ba kowa ita dindindin ba.

Bayan wannan wasan ya fara sanyi. Masu kallonsa sun manyanta, masu talla kuwa matasa suke biɗa. A 1967 CBS ta yanke shawarar rufe shi tare da sauran wasannin irinsa na dare. Mutanen da suka yi shekara 17 suna yi wa gidan aiki, a jarida suka fara ganin labarin.

Daren ƙarshe an yi abin da ba a taɓa yi ba. Tun da daɗewa akwai shirin ko-ta-kwana: in baƙon ɓoye bai zo ba, alƙali ne zai zama baƙon. Ba a taɓa bukatar haka ba. A daren 3 ga Satumba aka ɗaure wa masu canka idanu, Daly ya tashi ya rubuta sunansa a allo. Yana amsawa da siririyar murya a matsayin baƙo, yana gyara amsar da muryarsa a matsayin alƙali. Cerf ne ya gano shi. A watan nan Daly ya zama shugaban Muryar Amurka, ya sauka a 1968. Sashen Hausa na gidan bai zo ba sai 1979. A nan Nijar kuwa, sa'ad da aka rufe wasan, telebijin ta ƴan makaranta ce kawai, wadda aka fara a 1964.

Manomin gyaɗa da ba a gane ba

Wasan ya haihu a wasu ƙasashe. A Ingila BBC ta yi nata daga 1951 zuwa 1963, can baƙo yakan kwaikwayi aikinsa da hannu ba magana. A Jamus Robert Lembke ya riƙe nasu har 1989, kowace "a'a" a jefa maka 5 cikin asusu.

A Amurka ma an sake tada shi daga 1968 zuwa 1975, da launi, kwana biyar a mako. An ajiye kwat ɗin biki, an kawo sabon alƙali, Arlene Francis ce ta rage cikin na da. Masu begen tsohon ba su cika son wannan ba. Amma a cikinsa ne aka yi wani zama da ya kamata mutanen karkara su ji.

A ƙarshen 1973 wani mutum mai yawan murmushi ya shigo. Ba a ɗaure wa kowa ido ba, don masu shirin sun tabbata ba a san fuskarsa ba. Sunansa kawai aka ɓoye, ya zana alamar X a allo. Masu canka suka dube shi, ba wanda ya gane shi, sai da suka sha tambaya kafin su kai ga cewa gwamna ne. Jimmy Carter ke nan, gwamnan jihar Jojiya, manomin gyaɗa daga wani ƙaramin gari. Bayan shekara uku, a Nuwamba 1976, aka zaɓe shi shugaban Amurka. Ya ziyarci Najeriya a 1978. Bayan ya sauka, cibiyarsa ta shiga yaƙi da kurkunu a 1986, lokacin da ake ƙiyasin ciwon yana kama mutum miliyan uku da rabi a shekara. Wanda kurkunu ya taɓa kwantar da shi da damina, gonarsa ta cika da haki, ya san darajar wannan aiki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da ciwon. Carter ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024, yana da shekara 100.

Irin haka ta faru da Kanar Sanders a 1963. Tsoho ne mai farin gemu da fararen kaya, mai sayar da soyayyar kaza. Ya shigo ido buɗe, suka kasa gano sana'arsa. Yau hoton fuskarsa yana jikin shagunan KFC a ƙasashe da yawa. Shi ya sa masu kallon yanzu suke jin daɗi iri biyu. Na da sun san sana'ar baƙo, masu canka ba su sani ba. Na yanzu sun san har abin da zai faru da baƙon, da masu cankar, da ranar da kowannensu zai bar duniya.

Yadda hotunan suka tsira

Da kaɗan ya rage duk wannan ya ɓace. A 1950 babu kaset na ɗaukar hoto. In ana son a ajiye shiri, sai a kafa kamarar silima gaban gilashin telebijin ta ɗauka. Fim ɗin kuma akwai azurfa jikinsa, sai gidan telebijin ya riƙa lalata tsofaffi don ya cire ta. Masu wasan, Mark Goodson da Bill Todman, suka farga a 1952, suka ce za su biya a ajiye musu. Na kafin nan kaɗan ne suka tsira, cikinsu har da zaman farko. A 1975 kuma, da ake haɗa shirin cika shekara 25, aka yi ta yanka finafinan cikin gaggawa, wasu suka lalace, wasu suka ɓata.

Sauran sun kwanta a ma'aji har aka buɗe wata tasha ta tsofaffin wasanni a 1994, ta riƙa sa su da tsakar dare. Masu sha'awa suka ɗauka a kaset, daga baya suka zuba su a YouTube, zama bayan zama, da kwanan wata. Wani yakan tarda kakarsa a ciki, tana budurwa, tana rubuta sunanta a allo, ya ji muryarta karo na farko. Shekarar ƙarshe ta wasan, 1966 zuwa 1967, da launi aka watsa ta. Amma da kamarar baƙi da fari aka ajiye ta, don haka launin rigunan daren ƙarshe sai waɗanda suka kalla a daren ne suka gan shi.